Masu Kwana a Bayan Masaukin Bakin Tafki

Sharhinmu na yau zai kai mu yammacin ƙasar Tanzaniya, bakin Tafkin Tanganyika, inda duwatsun Mahale suka gangaro har cikin ruwa. Tafkin nan tsawonsa ya haura kilomita 670, zurfinsa ya kai wajen mita 1,470, kuma a duk duniya Tafkin Baikal na Rasha ne kaɗai ya fi shi zurfi. Ƙasashe huɗu ne suka sa shi a tsakiya: Tanzaniya, Kongo, Burundi da Zambiya. A gaɓarsa ta gabas akwai gandun dajin Mahale, wanda gwamnati ta keɓe a 1985, mai faɗin murabba'in kilomita 1,600 da 'yan kai. Babu hanyar mota a cikin gandun. Mai son shiga sai ya biyo ruwa daga garin Kigoma, ko ƙaramin jirgin sama ya sauke shi a wani fili da ke arewacin gandun, daga nan ya shiga kwale-kwale mai inji. A kan rairayin wannan gaɓa aka gina 'yan masaukai na masu yawon buɗe ido, irin waɗanda ake tallatawa da cewa ba sa cutar da muhalli: rufin ciyawa, wutar sola, ɗakuna ƙalilan, ba hayaniya. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Greystoke, wanda Roland Purcell ya kafa a 1988, aka kuma yi ɗakunansa da katakon tsofaffin jiragen ruwa. Abin da ke kawo baƙi shi ne birin da ake kira cimfanzi, wanda a cikin dabbobi yana sahun gaba wajen kusanci da ɗan Adam.

Baƙo kan yi kwana uku ko huɗu, ya ɗauki hotuna, ya koma inda ya fito. Amma akwai waɗanda nan suke kwana, nan suke tashi. Akwai kuku da mataimakansa, mai wanki da guga, mai shara da gyaran ɗaki, matuƙin kwale-kwale, makaniki, kafinta, mai gadi, mai kula da sito, da masu bin sawun biri waɗanda ke hawa dutse tun asuba don su gano inda garken ya kwana. A irin waɗannan masaukai sau da yawa ma'aikata sun fi baƙi yawa nesa ba kusa ba. Ɗakunansu na can baya, inda hoton talla ba ya kaiwa. Ra'ayina, wanda zan kafa wa hujja a wannan sharhi, shi ne cewa a can bayan ake gane ko masauki mai kare muhalli ne da gaske ko kuwa suna kawai ya ara. Lafiyar ma'aikaci, da tabbacin albashinsa, da halin da ƙauyensu yake ciki, su ne katangar da ke tsare dajin da birin da tafkin. Mutane da yawa na ɗaukar kyautata wa ma'aikaci a matsayin alheri da mai masauki zai yi idan riba ta samu. Abin da aka gani a Mahale da makamantansa ya nuna cewa sharaɗi ne na sana'ar kanta.

Mu fara duba yadda rayuwar take. Duk abin da ake ci ko ake ƙonawa a masauki, in ban da kifi da ɗan kayan lambu, ta ruwa ko ta sama yake zuwa: shinkafa, gari, mai, iskar gas, sabulu, kayan gyaran inji. Kigoma, babban garin da ya fi kusa, ya haura kilomita 100 daga wurin, kuma tafkin idan iska ta taso yakan yi igiyar ruwa irin ta teku, har kwale-kwale ya kasa fita. Shekara da shekaru mutanen gaɓar sun dogara ga jirgin nan Liemba, wanda Jamusawa suka ƙera a 1913, suka nutsar da shi da kansu a 1916 lokacin yaƙin duniya na farko, Turawan Ingila suka tsamo shi, ya koma aiki a 1927 yana kai-kawo tsakanin Kigoma da Mpulungu ta Zambiya. Yankin da jirgi mai shekara sama da ɗari ya zame masa babbar hanya, ba sai an faɗa muku nisansa da asibitin ƙwararru ba. Ma'aikaci a irin wannan wuri yakan yi wata biyu ko uku bai ga iyalinsa ba, sannan a ba shi 'yan makonni ya je gida. Ba ya tashi daga aiki ya tafi wani wuri, domin wurin aikin shi ne gidan. Abokin aikin da suka saɓa da rana shi ne maƙwabcin ɗakinsa da dare. Ga zazzaɓin cizon sauro, ga kada da dorina a wasu sassan gaɓar, ga zafi da laima masu cinye batir da katako. Kuma da safe dole ya fito da fara'a, don wanda ya biya dala 1,000 ko fiye a kwana ɗaya, kuɗin da ya kai albashin mai wanki na watanni, bai zo ya ga gajiya a fuskar kowa ba.

To ina ruwan biri da wannan? Masana daga Jami'ar Kyoto ta Japan, ƙarƙashin jagorancin Toshisada Nishida, sun fara nazarin cimfanzin Mahale a 1965. Sai da suka yi shekaru suna lallaɓa su da rake da ayaba kafin birai su saba da ganin mutum. Garken da ya saba ɗin, wanda masana ke kira garken M, mai birai kimanin 60, shi ne wanda baƙi ke zuwa kallo, wato shi ne jarin duk wani masauki da ke gaɓar. A tsakiyar 2006 wata cuta mai kama da mura ta shiga garken, birai wajen 12 suka mutu ko suka ɓace, akasarinsu ƙanana. Da aka yi gwaji sai aka sami ƙwayar cutar numfashi ta mutane, irin wadda ke sa yaro tari da majina na 'yan kwanaki ya warke. Wannan ba shi ne karo na farko da irin cutar ta shiga garken ba. A gandun Gombe ma, da ke arewacin Kigoma a kan wannan tafki, inda Jane Goodall ta fara aikinta a 1960, shan inna ta kama birai a 1966, wasu suka mutu, wasu suka nakasa, har sai da aka riƙa cusa maganin rigakafi a cikin ayaba ana ba su. Daga bayan abin da ya faru a 2006 ne aka tsananta dokoki a Mahale: mai kallon biri zai sa takunkumin fuska, zai tsaya nesa da mita 10, ba zai wuce awa ɗaya ba, ba a shiga da ayari mai yawa, kuma mai mura ba ya zuwa sam.

Dokokin suna da kyau, amma ku lura da wanda aka yi su dominsa. Baƙo awa ɗaya yake yi kusa da garke. Mai bin sawu da jagora kuwa kullum suna can. Bincike a gandun Kibale na Uganda ya haska wannan batu sosai. A 2013 ƙwayar murar mutane ta kashe birai 5 daga garken Kanyawara mai birai 56. Da masana suka ci gaba da bin diddigi daga baya, sai suka tarar cewa ƙwayoyin da ke kashe birai su ne waɗanda ke yawo tsakanin 'yan firamare a ƙauyukan da ke kewaye da gandun, kuma manya masu shiga daji aiki kan ɗauke su daga gida ba tare da sun ji wata alama a jikinsu ba. A dajin Bwindi, shi ma a Uganda, ƙazuwa ta kama gorila a 1996, wani jariri ya mutu, aka bi sawun cutar har gidajen talakawan da ke bakin dajin. Likitar dabbobin da ta yi wannan aiki, Gladys Kalema-Zikusoka, daga baya ta kafa ƙungiya a 2003 wadda aikinta shi ne kula da lafiyar mutanen ƙauye domin a tsare gorila. Ashe hanyar da cuta ke bi ta kai ga biri tana farowa daga ajin makaranta marar ruwan wanke hannu, ta bi ta ɗakin da uba da 'ya'yansa ke kwana a cunkushe, ta shiga kwale-kwalen da ke dawo da shi daga hutu, ta ratsa ɗakunan ma'aikata, sannan ta hau dutse. Takunkumin fuskar baƙo ƙofa ɗaya kawai ya rufe.

Nan ne maganar albashi ke shigowa, ko an so ko ba a so. A sana'ar yawon buɗe ido wani kaso mai tsoka na abin da ma'aikaci ke kaiwa gida daga tukuicin baƙi yake fitowa. Ku ɗauki mai bin sawu da ya tashi da ƙaiƙayin maƙogwaro a tsakiyar lokacin baƙi. Idan zaman gida yau na nufin asarar tukuicin yau, ko yanke masa kuɗin yini, ko a riƙa yi masa kallon rago lokacin sabunta kwantiragi, to zai ɓoye, zai ɗaura takalminsa ya hau dutse. Kowa a matsayinsa haka zai yi, domin akwai bakuna da ke jiran abinci a gida. Idan kuwa yana da hutun rashin lafiya da cikakken albashi, akwai ma'aikacin jinya a masauki, akwai 'yan kwanakin keɓewa bayan dawowa daga hutu waɗanda ake biyansa su, an yi wa 'ya'yansa rigakafi, to faɗin gaskiya ba zai ci masa komai ba. Wannan ba sabon tunani ba ne. Likitocin da ke kula da gorilar duwatsun Ruwanda sun daɗe da buɗe shirin duba lafiyar masu gadin daji da masu bin sawu saboda wannan dalili. Akwai kuma batun damina. Yawancin masaukan yankin kan rufe wajen watannin Afrilu da Mayu, lokacin da ruwan sama ya yi yawa. Ma'aikacin da ake sallama duk damina ba tare da sisi ba, a sake kiransa da rani, sai ya nemi abin yi a tsakani, kuma abin yi a bakin gandun daji shi ne kamun kifi, da yankan itace, da ƙona gawayi, da tarko. Masaukin da ke yin haka da hannunsa yake tura mutum cikin dajin da yake cewa yana karewa.

Akwai wani abu da takardun talla ba su cika faɗa ba. Sukan ce Mahale daji ne da ɗan Adam bai taɓa ba, alhali kuwa ƙasar mutane ce. Al'ummar Tongwe sun zauna a waɗannan duwatsu tun kaka da kakanni, a ƙananan ƙauyuka warwatse, suna noma da farauta da ɗiban zuma da kamun kifi, suna kuma girmama dutsen Nkungwe, mafi tsawo a jerin, mai mita 2,400 da wani abu. A shekarun 1970, lokacin shirin Ujamaa na Shugaba Julius Nyerere na tara manoma a manyan ƙauyuka, aka kwashe su daga duwatsun, kafa gandun kuma ya rufe ƙofar komawa. Tongwe ba su ɗauki cimfanzi abin ci ba, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa Japanawa suka tarar da birai da yawa a wurin. Su ne kuma suka nuna wa masanan hanyoyin dajin da sunayen itatuwansa, suka zama masu bin sawu na farko. Saboda haka idan jikan waɗancan mutane ya sami aikin wanke kwanuka a kan rairayin da kakansa ya shanya taru, bai dace a ba da labarin kamar an tsamo shi daga ruwa ba. Mai masauki ba shi ya kori kowa ba, wannan gaskiya ce, amma shirun da yake sayar wa baƙi daga waccan ƙaura ya samo asali. Wanda ke cin riba daga ƙasar da aka tayar da masu ita, akwai haƙƙi a wuyansa wanda ya wuce rabon littattafan rubutu a makarantar ƙauye sau ɗaya a shekara.

Shi kansa tafkin ma yana da tasa shaidar. Tanganyika na riƙe da kusan kashi ɗaya cikin shida na ruwan daɗi da ke saman ƙasa a duniya, yana da ire-iren kifi ɗaruruwa waɗanda ba a samunsu ko'ina sai nan, amma mafitarsa ɗaya ce tak, kogin Lukuga da ke wajen Kalemie a Kongo. Abin da aka zuba a ciki yana daɗewa ƙwarai kafin ya fita. Masaukin da shaddarsa ke tsiyaya cikin rairayi, ko makanikinsa ke zubar da baƙin mai a bakin ruwa, yana zuba wa mutanen da ke shan ruwan ne, a yankin da kwalara ba baƙuwa ba ce. Wa ke hana wannan faruwa da tsakar dare, lokacin da manaja ke barci? Ma'aikacin da aka koya wa aikin, aka ba shi kayan yinsa, kuma yake jin wurin nasa ne. Ga kuma kifi. Masunta na fita da dare da fitilu suna kamun ƙananan kifin da ake kira dagaa da wanda ake kira mgebuka, su ne abincin miliyoyin mutane. Nazarce-nazarce, ciki har da wanda aka buga a mujallar Nature a 2003, sun nuna ruwan tafkin na ɗumama, abincin kifi na raguwa. A 2024 Tanzaniya ta rufe kamun kifi a tafkin daga 15 ga Mayu zuwa 15 ga Agusta don kifi ya hayayyafa. A irin wannan matsi, masaukin da ke sayen kifi da tumatir da ƙwai daga ƙauye a farashi mai kyau, yana biya a kan lokaci, ya ba wa gidaje da dama abin dogaro. A Tafkin Malawi, gefen Mozambik, masaukin Nkwichi ya gwada haka ta hanyar shirin Manda Wilderness, inda aka haɗa ƙauyukan gaɓar cikin ƙungiya guda, aka kuma buɗe gonar koyar da noman lambu da ta riƙa kai wa kicin ɗin masaukin kaya.

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne. Wani zai ce a yankin da aikin albashi ya yi ƙaranci, ko wane irin aiki ya fi zaman banza, kuma ma'aikatan da kansu ba su yi ƙorafi ba, layi ma ake yi don a samu. Haka ne, ana layi. Amma layin yana nuna tsananin buƙata ne, bai tabbatar da adalcin sharuɗɗan aiki ba. Mutumin da ke wurin da kwale-kwalen kamfani ne kaɗai hanyar fita, mai aikinsa shi ne mai gidan da yake kwana, shi ne mai abincin da yake ci, jami'in ƙwadago kuma yana can Kigoma, shirunsa ba ya zama shaidar gamsuwa. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta san ma'aikatan otal da gidajen abinci na da rauni na musamman, shi ya sa ta yi musu yarjejeniya ta daban a 1991, wadda ta ce tukuici ba zai maye gurbin albashi na asali ba. Sannan ko da za mu ajiye adalci gefe mu yi lissafin kasuwa zalla, mun riga mun ga inda tsoron rasa aiki ke kai mai tari.

Wani kuma zai ce kuɗin ba su kai yadda ake zato ba. Masauki mai ɗaki shida, wanda ke rufe wata biyu a shekara, yana ɗauko kowane buhu ta ruwa, yana biyan harajin gwamnati da kuɗin hukumar gandun daji da kason dillalan tafiye-tafiye na Turai da Amurka, ribarsa siririya ce. Na yarda da wannan fiye da yadda masu sukar sana'ar ke yarda. Dala dubun nan ba duka take isa gaɓar tafki ba. Sai dai a cikin jerin abubuwan da masauki ke kashe wa kuɗi, albashin ma'aikacin jinya guda, da 'yan kwanakin hutun rashin lafiya, da rabin albashi a lokacin damina, ƙananan abubuwa ne idan aka gwada su da kuɗin jirgin sama da na man inji da na shaye-shayen da ake shigowa da su daga waje. A ɗaya gefen kuma ga abin da za a yi asara. Macen cimfanzi ba ta haihuwar fari sai ta haura shekara goma, kuma tsakanin haihuwa da haihuwa akan yi shekara biyar ko fiye. Garken da ya rasa kashi ɗaya cikin biyar a shekara guda zai daɗe bai mayar ba, kuma sabar da wani sabon garke da mutane aikin shekaru ne. Masaukin da ribarsa ba za ta iya ɗaukar lafiyar ma'aikatansa ba, to farashinsa ne ba daidai ba, ko kuma wurin bai dace da shi ba tun farko.

Akwai kuma maganar wanda ke riƙe da makulli. An daɗe ana ganin tsari iri ɗaya a masaukan dajin Afirka: manajoji, sau da yawa miji da mata daga ƙetare, suna zuwa su yi shekara ɗaya ko biyu suna cin abinci tare da baƙi, su kuwa 'yan ƙasa da suka shekara goma sha a wurin suna nan a matakin da aka ɗauke su. Hujjar da ake bayarwa ita ce baƙi na son wanda ya san harshensu da ɗabi'unsu, kuma riƙe lissafi da odar kaya na buƙatar ilimin da makarantar ƙauye ba ta bayarwa. Rabin maganar gaskiya ne, domin ƙarancin makarantun sakandare a irin waɗannan gaɓoɓi abu ne sananne. Amma ilimin lissafin sito ana koyonsa cikin watanni, shi kuwa sanin lokacin da iska za ta juya a tafki, ko wane kuka ne na biri mai gargaɗi, sai an shekara ana tarawa. An kuma gwada an gani. A Kenya masaukin Il Ngwesi, wanda aka buɗe a 1996, mallakar al'ummar Masai ne na yankin, su ke gudanar da shi. A Namibiya, bayan dokar 1996 da ta ba al'ummomin karkara iko a kan namun dajin ƙasarsu, masaukin Damaraland ya zama haɗin gwiwa tsakanin kamfani da mutanen yankin Torra, har wata mata da ta taso tana kiwon awaki ta zama manajarsa. Manajan da zai tafi baɗi ba ya shuka itacen da zai yi inuwa bayan shekara goma. Wanda za a binne shi a ƙauyen da ke bayan dutse yana da dalilin damuwa da yadda tafkin zai kasance.

Daga can ɗaya ɓangaren kuma akwai masu cewa a rufe sana'ar baki ɗaya. A ganinsu ragowar mulkin mallaka ce: attajiri ya ƙona man jirgi daga wata nahiya ya zo ya kwana a ƙasar da aka ƙwace, sannan a kira abin kare muhalli. Ba su rasa misalai ba. Rikicin korar Masai a yankin Loliondo na Tanzaniya a 2022 yana nan a zukatan mutane, kuma a 2024 Bankin Duniya ya dakatar da kuɗin wani shirin bunƙasa yawon buɗe ido a kudancin Tanzaniya saboda zarge-zargen cin zarafin mazauna kewayen gandun Ruaha. Duk da haka ban bi su har ƙarshe ba. Binciken da aka buga a 2008 a kan dajin Tai na Kodebuwa, wanda ya tabbatar da cewa cututtukan mutane na kashe cimfanzi, shi ne kuma ya nuna cewa farautar sata ta fi ƙaranci a kusa da wuraren da masana da masu yawon buɗe ido ke zirga-zirga. Idanun mutanen da ke aiki a daji kariya ce. Mun kuma ga ɗanɗanon rufewa a lokacin korona, sa'ad da baƙin Tanzaniya suka faɗo daga kimanin miliyan 1.5 a 2019 zuwa wajen 620,000 a 2020. Waɗanda suka fara jin jiki su ne kuku da mai wanki da mai sayar da tumatir, kuma hukumomin gandun daji a faɗin nahiyar suka rasa kuɗin sintiri. Rufe masauki ba zai mayar wa Tongwe duwatsunsu ba. Abin da zai yi shi ne ya cire musu ɗan abin da ke shigowa.

Gyaran ba a hannun masu masauki kaɗai yake ba. Uganda ta sa a doka cewa kashi 20 cikin 100 na kuɗin shiga gandun daji na al'ummomin kewaye ne. Ruwanda ta fara da kashi 5 a 2005, ta ɗaga zuwa kashi 10 a 2017. Ana iya muhawara a kan ko kuɗin na isa inda ya kamata, amma aƙalla haƙƙi ne rubutacce da ɗan ƙauye zai iya tambaya a kai. A kewayen Mahale akwai shirin Tuungane, wanda ya haɗa aikin kula da lafiyar mata da yara da na tsare wuraren hayayyafar kifi, bisa fahimtar cewa ba a raba su. Abin da ya rage shi ne hukumar da ke ba masauki lasisin zama a cikin gandu ta sa waɗannan a cikin sharuɗɗanta, kamar yadda ta sa nisan mita 10 da takunkumin fuska: rubutaccen kwantiragi, hutun rashin lafiya da albashi, ma'aikacin jinya a wurin, hanyar kai marar lafiya asibiti cikin gaggawa wadda ba ta bambanta baƙo da mai wanki ba, da adadin 'yan yankin da za a horar su hau muƙaman sama cikin ƙayyadadden lokaci. Masu ba da lambobin yabo na kare muhalli su ma su riƙa zagayawa baya su ga inda ma'aikata ke kwana kafin su sa hannu.

Ku kuma masu sauraro, musamman matasan da ke karatun kula da otal ko harkar gandun daji, waɗanda wata rana za a iya yi wa tayin aiki a irin wannan wuri, kada kyawun hoto ya hana ku tambaya. Ku tambayi wata nawa ake yi kafin hutu, wa ke biyan kuɗin jirgin zuwa gida, me ake ba ma'aikaci idan an rufe da damina, ina asibiti mafi kusa, kuma mutum nawa daga ƙauyen da ke kusa suka taɓa zama manaja. Masaukin kirki zai amsa muku ba tare da ɓacin rai ba.